Ƙyauren Kawu

Ni ne mai laifi, ba Kawu ba. Na fara da wannan don kada mai karatu ya kai tsakiya yana tausayina, kamar yadda mutanen ƙauyenmu suka yi shekara goma sha biyu suna tausayina a kan ƙaryar da na shirya da bakina.

Kawu yayan mahaifiyata ne. Maɗori ne, ɗorin kuma gado ya yi wurin ubansa. Ya rasu ranar wata Laraba da hantsi, a ƙauyenmu na cikin Kurfai, tafiyar rabin yini a ƙafa daga Filinge. Kafin azahar ƙofar gidansa ta cika, duk da yunwar da ake ciki, don fari na biyu ya riga ya kama ƙasa, rabin gari ya tafi kudu cin rani bai dawo ba.

Da aka gama yi masa wanka sai liman ya tsaya yana jan gemu. Kawu bai fara salla ba sai da furfura ta gama rufe shi, kuma har ya mutu bai daina yanka baƙar kaza a gindin tsamiyar kakanninsa ba. Liman ya ce shi dai bai san a wane layi zai sa mutumin nan ba. Wani tsoho da ya zo daga wajen Tabla a kan jaki ya naɗe hannun rigarsa har kafaɗa, ya miƙa wa liman damtsensa mai ƙulli a tsakiya.

"Malam, hannun ga da nike alwala da shi, wa ya ɗora shi? Kai ko shi?"

Ba wanda ya yi dariya, amma sai ga wani ya ɗaga wandonsa yana nuna ƙwauri, wani ya buɗe wuyan riga yana nuna ƙashin kafaɗa. Ta bayan darni wata mata ta ce ɗanta da yake soja yanzu, da ƙafar Kawu yake maci. Liman ya gyara rawani ya ce a jera sahu.

Kafin a ɗaga gawa, liman ya faɗi abin da ake faɗa, cewa duk wanda mamaci ya yi wa laifi ya yafe masa don ya kwanta da sauƙi. Sai kowa ya juyo ya dube ni. Wani maƙwabcinmu ya dafa kafaɗata ya ce a hankali, "Likita, yi haƙuri. Abin da ya yi wa ɗiyarka ya wuce. Ya biya iyakar ƙarhinai."

Na buɗe baki a gaban gawar Kawu na ce, "Na yafe."

Aka ce madalla, aka sa mini albarka. Saboda wannan kalma nake rubutun nan.

Kawu ba mutum ne mai daɗin zama ba, kada wani ya ce na yi masa kwalliya don ya mutu. Gajere ne, mai faɗin ƙirji, mai zagi. Ba ya sa takalmi. Taba ce kullum a bakinsa, yana tofarwa inda ya ga dama. A jikin hularsa akwai ƙayar aduwa guda ɗaya a soke, in ta karye ya sake wata. Yara suna tsoronsa, suna kuma binsa. In yana ɗora wa babba karaya ya yi kuka, sai ya ce, "Yi shiru, matarka na jin ka, gobe ba ka da ta cewa cikin gida." In yaro ne kuwa, sai ya yi ta tambayarsa sunan akuyar gidansu da launin kunnenta, kafin yaro ya gama amsa ƙashi ya koma wurinsa. Ni ma ya ɗora mini hannu ina da shekara bakwai, da na faɗo daga rumbu. Na cije shi a yatsa. Da wannan hannun nake riƙe da alƙalami.

Abin da aka fi saninsa da shi shi ne yaran da suka faɗo daga sama: daga gawo, daga kuka, daga rumbu, daga kan raƙumi. In aka kira shi, kafin ya taɓa yaro sai ya ja layi da sandarsa a ƙasa, ya kewaye yaron. Ya ce iskar itacen tana riƙe da shi, duk wanda ya ƙetare layi ita da shi. Uwa tana kuka tana miƙa hannu, shi yana tare ta da sanda.

"Ƙasa ta gama nata tun da ya hwaɗo," haka yake cewa. "Saura na hannun uwa tai."

Sannan ya durƙusa shi kaɗai cikin layin. Ya riƙe kan yaron da tafin hannu biyu kada ya juya. Ya tambaye shi sunan uwarsa. Ya leƙa idanunsa, ya duba kunne da hanci ko jini ko ruwa na fita. Ya danna cikinsa a hankali. Ya ciro ƙayar nan daga hula ya soki tafin ƙafa, dama da hagu, ya ce, "Ka ji? Motsa mini babban yatsa." Ba ya yarda a ba yaro ruwa ko fura, ko uwa za ta mutu da roƙo. In hannu ne ko ƙafa, nan take zai ɗora da karan dawa da tsumma. In kuwa yaro ya yi amai, ko yana neman barci, ko ciki ya yi tauri, ko ya ce bayansa ko wuyansa, sai Kawu ya ce, "Wanga ba nawa ba ne. A ɗauko ƙyaure."

Ƙyauren ɗakinsa na katako ne, shi kaɗai ne irinsa a ƙauyen, sauran duk na kara ne. Da igiyar fata ya rataye shi, don a sauke shi cikin ƙiftawar ido. Mutum huɗu za su zura yaron a kai yadda yake kwance, ba lanƙwasawa, Kawu na riƙe da kai. A cika jaka biyu da rairayi a sa gefen kunnuwa, a ɗaure shi da rawani a goshi da ƙirji da gwiwa, a ɗauka a kafaɗa zuwa gidan likita na Filinge, ana tafiya kamar masu ɗauke da ƙwaryar nono cike. Shi yana gaba yana zagin duk wanda ya yi tuntuɓe. In mutum ya wuce ya ga ɗakin Kawu a buɗe, ba ya tambaya, sai dai ya ce Allah ya ba ɗan wani lafiya.

Na taɓa jin wani ya tambaye shi ko da gaske iska ce ke cikin layin. Ya tofar da taba ya ce, "Ubana ya ce iska ce, ban gan ta ba, ban ƙaryata shi ba. Ni dai na ga waɗanda anka ɗaga, na ga waɗanda anka bari."

Ni kuwa an kai ni lakwal, makarantar boko, a Filinge, na yi shekara biyar. Shekarar da aka sauke tutar Faransa na fito, na samu aikin bin masu yi wa shanu allura, ina riƙe igiya, daga baya aka ba ni sirinji a hannuna. Aka ba ni kaki, bayan wasu shekaru aka ba ni ɗan babur, mobilet. Mutanen ƙauye suka fara ce mini Likita, tun ina jin kunya har na yarda. Na zauna da malamai da 'yan kasuwar gari, na koyi jin kunyar gidanmu, da kazarsu, da tsamiyarsu.

Ranar sunan wani ɗan ƙanena muka yi faɗa da Kawu a gaban mutane. Na ce layin nan nasa shirka ne da jahilci, yaro ya faɗi a ɗauke shi a ruga da shi wurin masu ilimi, ba a tsaya ana zane a ƙasa ba. Na sa kalmomin Faransanci biyu ko uku don su ji nauyina. Kawu ya bari na gama, ya kakkaɓe hularsa.

"Likitan shanu," ya ce, "saniya nawa ta hwaɗo maka daga gawo?"

Aka yi dariya har wani ya ƙware da goro. Na riƙe wannan dariyar a cikina shekara uku.

Sai babban fari ya zo. Damina biyu gero bai kai gwiwa ba. Shanun da nake yi wa allura suka zube a bakin rijiyoyi, Fulani suna wucewa da sanda kaɗai. Mata suna jiƙa anza kwana da kwanaki don ɗacinta ya fita a samu na ci. Abin da ya rage kore a duk dallol, kwarin da ƙauyukanmu suke ciki, shi ne gawo, don shi da rani yake ganye. Duk mai akuya idonsa na kan gawo. Ma'aikatan gandun daji kuma sun hana sara, in suka kama babba sai su tafi da shi gari. Yaro kuwa sai dai su kore shi da tsawa. Don haka kowa ya koma tura yara. A wannan ranin ɗakin Kawu ya fi zama a buɗe.

Ina da awaki huɗu, ina kuma da ɗiya mai shekara tara. Ita ce 'yar farina, saboda haka ba na kiran sunanta, ba na wasa da ita a gaban mutane, sai dai in ce "ke". Kawu kuwa kakanta ne, amaryarsa yake ce mata. In ta wuce sai ya ce, "Amarya, ina tuwona?" ta ce, "Sai ka sayi haƙora, tsoho." Ta fi 'yan maza iya hawa. Ni ma'aikacin gwamnati ne, ba zai yiwu a gan ni da gatari a kan gawo ba. Wata rana na ba ta ɗan gatarina da hannuna, na nuna mata babban gawon da ke bayan gonarmu, na ce ta hau can sama inda sauran yara ba su kai ba.

Ina bakin rijiya da hantsi wata yarinya ta zo da gudu ta ce ɗiyata ta faɗo. Kafin in isa da mobilet, Kawu ya riga ni, don yana kusa yana haƙar saiwa. Ya ja layinsa. Uwarta ma ta zo ta tafi, ya aike ta cikin ƙauye ta kira maza huɗu su zo da ƙyaure. Na tarar da su su biyu, ita kwance rigingine a kan saiwar gawon, gatarina a gefenta, shi durƙushe yana riƙe da kanta.

Ta ce, "Baba, bayana."

Kawu bai ɗago ba. Ya ce, "Tsaya nan inda kake. Bayanta ya taɓu, amma lakar ba ta tsinke ba. Duba." Ya sa gwiwoyinsa ya tokare kanta, ya miƙa sandarsa da ƙaya a bakin sandar, ya taɓa tafin ƙafarta. Ta ce wash. "Amarya, gaishe da ubanki da babban yatsa." Yatsan ya motsa. Na dama, sannan na hagu. Na gani da idona, rana tsaka, ba hazo ba duhu.

Na ce kafin maza huɗu masu yunwa su kai ta Filinge a ƙafa ta mutu, ni kuwa da mobilet kafin azahar mun isa. Ina jin tsoro, wannan gaskiya ne. Amma akwai sauran gaskiya. Ban so maza su zo su ga gatarina ba. Ban kuma so a ce ɗiyar Likita ta shiga gari a kan ƙyauren azne ba, ma'aikata abokaina suna kallo. Dariyar ranar suna tana kunnena.

Na sa takalmina na shafe layin.

Kawu ya ce, "Ɗan ƙanwata, zage ni. In ka so buge ni. Amma bar ta kwance, ga su nan tahe."

Na ture shi, ya faɗi zaune. Na sa hannu ɗaya a ƙarƙashin wuyanta, ɗaya a ƙarƙashin gwiwa, na ɗaga ta kamar yadda nake ɗaga ɗan maraƙi. Ta yi wata ƙara da ban taɓa ji ba. Na zaunar da ita a bayan mobilet, na ɗaure ta a bayana da rawanin Kawu da ya faɗi a ƙasa. Ya biyo mu da gudu, tsoho mai shekara sittin da wani abu, yana kiran sunana na yarinta. Na ƙara wuta.

Hanyar rairayi ce da duwatsu. Duk ramin da muka faɗa sai ta yi kuka. A wani kwari tayar gaba ta nutse, muka kife tare. Na tashi na ɗaga mobilet, na sake zaunar da ita. Daga nan ba ta ƙara cewa bayanta ba. Na ji daɗi, na ɗauka sauƙi ne ya zo. Da muka kusa gari na ji ɗumi a bayan wandona, ta yi fitsari ba ta sani ba.

Gidan likita cike yake da 'ya'yan makiyaya masu kumburin ciki da ƙyanda, har ƙarƙashin itatuwa. Majo, babban ma'aikacin wurin, ya san ni. Ya kwantar da ita a kan tebur, ya leƙa idanunta, ya duba kunne, ya danna ciki. Sannan ya ɗauko allura ya soki tafin ƙafarta. Duk abin da Kawu ya yi, bi da bi, sai dai ba taba a bakinsa. Ba ta ce wash ba. Ya hau da allurar har gwiwa, har cinya, tana kallon rufi.

Ya ce da ni, "A wurin da ta faɗi, tana motsa ƙafa?"

Na ce, "A'a."

"Wa ya taɓa ta kafin kai?"

Na ce wani boka ne a ƙauyenmu ya riga ni zuwa. Na ce na tarar ya kifa ta yana danna bayanta da gwiwa yana jan ƙafafunta, wai yana fitar da iska, da ƙyar na ƙwace ta. Maganar ta fito sumul kamar na daɗe ina shirya ta. Majo mutum ne da ya gaji, ya ga abubuwa da yawa a wannan ranin. Ya buga tebur, ya ɗauki takarda ya rubuta.

Bayan kwana uku jandarma biyu, 'yan sandan gwamnati, suka je ƙauye. An gaya mini sun tarar da shi yana ɗora wa wani yaro hannu, suka jira ya gama ɗauri, sannan suka sa masa igiya. Suka sauke ƙyauren suka ɗora masa a ka, wai kayan aikinsa ne, shaida ce. Haka ya shiga Filinge a ƙafa, ranar kasuwa, ƙyaurensa a kansa. Kwana tara ya yi yana sharar fili a rana. Na wuce ta wurin sau biyu a kan mobilet, na kau da kai. Ranar da za a sake shi aka sa ya dangwala yatsa a takarda cewa ba zai ƙara taɓa majinyaci ba. Ƙyauren bai dawo ba. Na ji an ce an dafa wa fursuna abinci da shi.

Da aka tambaye shi a can ko ya danna bayan yarinyar, cewa ya yi, "Mi ubanta ya ce?" Aka gaya masa. Ya ce, "To, shi ya yi lakwal."

Uwarta ta yi mini magana sau ɗaya tak. Tana wanke tsummokin yarinyar, ba ta dube ni ba, ta ce, "Kafin Kawu ya aike ni, na ga yatsan." Na ce in ta sake faɗa ta tattara kayanta. Ba ta sake ba, har ta rasu bayan shekara biyar.

Yarinyar ta yi wata biyu a gidan likita, aka ce mu koma gida, ba abin da za a ƙara. Gyambo ya fara cin ɗuwawunta da dugaduganta. Ɗakin yana wari, na koma kwana a gari ina cewa aiki ne. Wata safiya Kawu ya shigo gidana ba sallama, ya wuce ni kamar turmi ne a tsakar gida, ya tsaya a kanta.

"Amarya, an ce kin yi yaji. Tashi mu tahi gida."

Ta ce, "Da wace ƙafa, tsoho?"

"Da tawa. Ta mi ce in ba wannan ba?"

A kan gadon kara ya sa aka ɗauke ta, na bari, don na huta. Ya yanka tunkiyarsa ta ƙarshe saboda buzunta, ya shimfiɗa mata. Yana juya ta dama da hagu kamar mai gasa masara, sau da yawa a yini, yana wanke gyambon da ruwan gishiri, yana lanƙwasa mata gwiwa da idon sawu kada su sandare. Matarsa tana yi mata wanka. Gyambon ya warke. Ya koya mata saƙar kaba, faifai da tabarma, ya rataya igiya a azarar ɗaki don ta riƙa jan jikinta har hannayenta suka fi na namiji ƙarfi. Mutane suna gani suna cewa alhaki ne yake biya. Yana ji, ba ya tankawa.

A shekarar da ta biyo baya ɗan maƙwabcinmu ya faɗo daga kuka. Ba wanda ya kira Kawu, wasu don tsoron jandarma, wasu don maganata. Aka ɗaga yaron aka tsayar da shi, ya yi tafiya da ƙafarsa har gida, aka yi hamdala. Ya yi amai, aka ba shi fura. Ya ce barci yake ji, aka ce ya kwanta ya huta. Bai tashi ba. Uban yaron shi ne wanda ya dafa kafaɗata ranar jana'iza ya ce in yi haƙuri.

Da karaya ta yi yawa mutane suka fara zuwa a ɓoye. Kawu ya ce shi ya dangwala yatsa, ba ya warware magana. "Amma takarda ni ta hana, ba ta hana amaryata ba." Sai ya zauna gefe da hannayensa a bayansa, yana faɗa tana yi. Ja nan, saki, ji da yatsanki, ba da ido ba, ke jaka. Ta ce jaka dai matar jaki ce. Haka ɗorin gidansu ya tsallake 'ya'yansa maza ya sauka a hannun ɗiyata. Yau in aka karye daga nan har wajen Bonkuku, wurinta ake kawowa. Akwai ƙayar aduwa a soke a gefen ɗankwalinta.

Ni kuwa ina zuwa ranar salla, in ajiye sukari da yadi a ƙofa, in ce "ke, kina lahiya", in tafi. Kunyar 'yar fari ta zame mini mafaka. Mutane suna cewa Likita mai kunya ne, ba ya ko iya kallon ɗiyarsa don tausayi.

Kwana biyu kafin ya rasu aka aiko mini jikinsa ya yi tsanani. Na same shi da safe a ɗakin nan da har yau ba ƙyaure, tabarma ce a rataye. Ya rame, amma bakin yana nan. Na durƙusa na ce, "Kawu, ka yafe mini."

Ya ce, "Mi ka yi mini? Shara ta kwana tara? Ai filin ya yi tsabta."

Na ce ya san abin da nake nufi. Na tambaye shi me ya sa bai taɓa faɗa ba.

"Kada ka ce don kai na yi. Da hwari don ita na yi, yarinya ba ƙahwa, ba ta rasa uba kuma. Daga baya sai na ce bari in ga kwana nawa za ka iya ɗaukar abin ga. Ka hi ni ƙarhi, ɗan ƙanwata. Ni ƙyaure ɗai na ɗauka, wuyana ya yi wata yana ciwo." Ya yi tari. "Tashi, ka tare mini iska. Ga mai abin can tana saƙa."

Na fito. Tana ƙarƙashin rumfa a kan buzunta, kaba a bakinta. Na ce, "Ke, sannu da jinya." Na hau mobilet na koma gari. Ranar Laraba ya mutu, na tsaya a kan gawarsa na ce na yafe.

Kwana uku na yi ina ɗauke da kalmar nan. Ranar sadakar uku, bayan an shafa fatiha, mutane suna neman takalmansu, na miƙe na ce su dakata. Na faɗa musu duka, tun daga gatari har majo. Na ce yatsanta ya motsa kafin in ɗaga ta. Na ce Kawu bai danna ba, bai ja ba, kanta kawai ya riƙe. Na ce mun kife a kwari. Ba wanda ya katse ni. Liman ya sunkuyar da kai. Tsohon nan na Tabla ya tofar da yawu kusa da ƙafata ya tafi wurin jakinsa. Maƙwabcinmu ya tashi a hankali, ya ce, "To nawa ɗan fa, Likita?" Ya sa takalminsa ya tafi. Tun ranar ba a sake ce mini Likita a ƙauyen ba, sai in ana so a zage ni.

Na shiga cikin gida. Darnin kara ne tsakaninta da inda na yi magana, ta ji komai. Tana saƙar faifai, ba ta tsaya ba. Na zauna a ƙasa, nesa da buzun.

Na ce, "Kin ji."

Ta ce, "Na ji ƙayar Kawu sau biyu, ɗaya gaban Inna, ɗaya gabanka. Ta majo ce ban ji ba."

"Tun yaushe kika sani?"

"Baba, ina bisa teburin lokacin da kake gaya mai. Ƙahwahuna ne sunka mutu, ba kunnuwana ba." Ta ja kaba da haƙori ta tsinke. "Na so in yi magana da anka kama shi. Da ya dawo ya ce in bari, kana tahe. Kowace salla in ka aje sukari sai ya ce, bana ma bai iso ba, amarya, hanyar da nisa."

Na duba ƙafafunta, sirara kamar na 'yar shekara tara, a jere a kan buzu inda ta ajiye su da hannunta. Ban taɓa tsayawa na dube su ba sai ranar. Na cire takalmina. Na kira sunanta, sunan da ni na raɗa mata, wanda bakina bai taɓa furtawa a gabanta ba. Hannunta ya tsaya a kan faifan.

Na ce, "Ni na ba ki gatari na ce ki hau. Ni na shafe layin. Ni na ɗaga ki kina da ƙafafunki, na sauke ki ba su. Na ɗora wa wanda ya riƙe kanki laifina, na bar shi ya mutu da shi, na bar ki kina jira. Ban zo don ki ce kin yafe ba, na ga yadda kalmar nan take da arha a bakina. Na zo in faɗa miki a gabanki, da rana, cewa ni ne. Ki yi haƙuri, ɗiyata. Na yi miki laifi."